Muƙaman Samari a Ƙungiyoyinsu: Darasi Domin Hakimai da Malamansu

Da wuya wata ya fito ya faɗi ba tare da wata ƙungiyar samari ta zo gaisuwa ƙofar Hakimi ba. Wasu 'yan makarantar sakandare ne da suka haɗa kai don karatun dare, wasu 'yan sikawut ne, wasu na ƙwallo, wasu kuwa samarin unguwa ne masu yashe magudanan ruwa kafin damina ta sauka. In sun faɗi sun yi gaisuwa, abin da su kan roƙa bai fi biyu ba, watau Hakimi ya zama uban ƙungiyarsu, ya kuma sa musu albarka. Amma sau da yawa su kan ƙara na uku, su ce, "Ranka ya daɗe, a zaɓa mana shugaba." Wannan roƙo na uku shi ne dalilin rubuta darasin nan, gama a nan ne alherin uba ya kan cuci 'ya'yansa ba da saninsa ba.

Muƙamin da yaro ya ke riƙewa a ƙungiya makarantar mulki ce, ita ce kuwa ta fari da yawancin mutane su kan shiga. Sai dai ba ta koya wa yaro kome sai in nauyin da aka ɗora masa na gaske ne, irin wanda in ya sake shi zai faɗi, kowa ya gani. Aikin manya a nan shi ne su san iyakar da za su sa hannu, da inda za su janye shi.

Sarautar samari a gargajiya

Ba Turawa suka kawo mana wannan ba. Tun zamanin kakanni ƙauyukan ƙasar Hausa suna da Sarkin Samari, shi kuma yana da nasa 'yan majalisa masu sunayen sarautu irin na fada, kamar Galadima da Waziri da Alƙali. 'Yan mata su ma suna da tasu shugaba. In za a yi gayya a gonar wani, ko za a gyara hanyar kasuwa, ko a share maƙabarta, mai gari ba ya bin samari gida gida. Sarkin Samari ya ke kira, ya faɗa masa bukata, shi kuma ya sa rana, ya nemi makaɗa, ya raba aiki. Wanda ya ƙi fitowa ba da uzuri ba, 'yan'uwansa su ke ci masa tara, ko su ƙaurace masa a dandali har ya ba da haƙuri. Bayan kaka kuwa, a wuraren da a ke wasan kalankuwa, samari su kan kafa mulkinsu na 'yan kwanaki, a ga wannan ya zama Gwamna, wancan Razdan, ga Alƙali, ga 'yan doka, ana yanke hukunci ana dariya.

Wasa ne, amma a duba abin da ke cikinsa. Sarkin Samari ba shi da dogari, ba shi da gidan yari, ba shi da albashin da zai ba kowa. Duk wanda ya bi shi, da yardarsa ya bi shi. Saboda haka tilas ya koyi lallashi, ya san wanda a ke yi wa magana a gaban jama'a da wanda a ke ja gefe, ya kuma fara kama fartanya kafin ya ce wa wani ya kama. Wanda ya iya tafiyar da mutum talatin a kan wannan hali, ran da aka ba shi mutum dubu uku da ikon hukuma ba zai ruɗe ba.

Abin da tsarin gargajiya ya rasa shi ne rubutu. Ba littafin taro, ba littafin kuɗi, ba wa'adin sauka. In Sarkin Samari mutumin kirki ne sai a ji daɗi, in ya yi aure ya bar dandali kuwa sai iliminsa ya tafi tare da shi, na bayansa ya fara daga farko. Wannan giɓi shi ne ƙungiyoyin zamani suka zo suka cike, kuma a cikinsu babu wadda ta tsara muƙaman yara da kyau kamar ƙungiyar 'yan sikawut. Don haka za mu ɗan daɗe a kanta.

Abin da aka gwada a tsibirin Brownsea

Wanda ya kafa ta wani hafsan sojan Ingila ne, Robert Baden-Powell, wanda aka haifa a 1857. Ya taɓa zuwa Afirka ta Yamma, gama a yaƙin Asante na 1895 zuwa 1896 shi ya shugabanci 'yan ƙasar da a ke turawa gaba suna sare daji suna leƙen hanyar Kumasi. Sunansa ya fito ne a Afirka ta Kudu, sa'ad da Bowa suka kewaye garin Mafeking kwana 217, daga 1899 zuwa 1900, yana shugaban masu tsaron garin. Da maza suka yi ƙaranci, sai aka sa yaran garin kai saƙo da raba wasiƙu da tsayawa gadi, aka ga sun riƙe aikin sosai. Wannan ya zauna masa a rai.

A farkon watan Agusta na 1907 ya tara yara 20 a wani ɗan tsibiri mai suna Brownsea, a kudancin Ingila, suka yi zango na kwana takwas. Da gangan ya gauraya su. Wasu 'ya'yan masu hali ne daga manyan makarantu irin su Eton da Harrow, wasu kuwa 'ya'yan ma'aikata ne daga garuruwan Poole da Bournemouth. Ya raba su rukuni huɗu, kowane rukuni da sunan wata dabba ko tsuntsu: akwai Kyarketai, da Bijimai, da Hankaki, da na huɗu mai sunan wani tsuntsun bakin ruwa mai dogon baki. A kowane rukuni ya ɗauki yaro guda ya ba shi sanda mai 'yar tuta, ya ce masa halin yaran nan da tsabtarsu da aikinsu duk suna wuyansa, dare da rana. Kowane dare kuma a kan ba rukuni ɗaya gari da nama da ganyen shayi, a tura su wani gefen tsibirin su kafa bukkarsu, su hura wuta, su dafa abincinsu, su kwana suna gadi, shugabansu yaro ɗan'uwansu.

A lura da wannan na ƙarshe, gama shi ne zuciyar al'amarin. In shugaban rukuni ya manta da ashana, rukuninsa za su kwana da yunwa. Ba wanda zai mutu, amma ba wanda zai manta. Kuskuren da yaro zai yi a ba shi labarinsa sau goma bai ji ba, in ya ɗanɗana shi sau ɗaya a gaban 'yan'uwansa ya ishe shi har tsufa.

A 1908 Baden-Powell ya buga littafinsa na koyar da sikawut, kashi shida, ana fitar da kashi guda kowane mako biyu. Abin mamaki, yara ba su jira manya ba. Da kansu suka riƙa haɗa rukuni a unguwanni, su zaɓi shugaba, sa'an nan su tafi neman babban da zai zama malaminsu. A taron da aka yi a Crystal Palace a Landan a 1909, 'yan sikawut wajen 11,000 suka hallara, har da 'yan mata da suka zo ba a gayyace su ba, abin da ya sa aka kafa ta 'yan mata a 1910. Ƙungiyar ta iso Nijeriya a 1915, ta fara daga Ikko, daga baya ta bazu makarantun Arewa. Shi kuwa mai kafa ta ya rasu a Nyeri ta ƙasar Kenya a 1941.

Muƙaman da aikinsu

Tushen tsarin shi ne rukuni, watau yara shida zuwa takwas. Ba a kan bari ya wuce haka ba, domin yaro ɗan shekara goma sha huɗu ba zai iya sanin halin mutum ashirin ba, amma ya iya sanin na bakwai: wanda uwarsa ba ta da lafiya, wanda ba shi da kuɗin riga, wanda ke jin kunyar magana. Shugaban rukuni shi ke koya musu abin da aka koya masa, shi ke duba su kafin malami ya duba, in an yi yabo na rukuni ne, in an yi faɗa kuwa shi a ke fara kira. A wasu ƙasashe malami ke naɗa shi bayan ya ji ra'ayin yara, a wasu kuwa, kamar Amurka, yaran ke zaɓensa da ƙuri'a. Shi kuma ya kan ɗauki mataimakinsa da kansa, don kada a haɗa shi da wanda jininsu bai haɗu ba. Rukuni uku ko huɗu ko biyar su ne runduna, a kanta kuma a kan sa babban yaro guda wanda ya riga ya riƙe rukuni ya ƙware.

Shugabannin rukunin nan su ne majalisar runduna. Su ke tsara abin da za a yi a wata mai zuwa, da inda za a je zango, da abin da za a saya da kuɗin ƙungiya, su ne kuma ke sauraron laifin wanda ya ɓata sunan runduna. Abin da aka faɗa a kan wani yaro a majalisa ba ya fita waje. Malamin sikawut yana zaune yana saurare, ya kan ba da shawara in an nema, yana kuma da ikon hana abin da zai jawo haɗari ko abin kunya. In ba haka ba, sai ya bar su da abin da suka yanke, ko da ya ga akwai hanyar da ta fi. Wannan haƙuri ya fi kome wuya ga babba. Shi ya sa tun 1919, sa'ad da aka buɗe wurin horon malaman sikawut a Gilwell kusa da Landan, a kan raba malaman su ma rukuni rukuni, shugabanci yana zagayawa a tsakaninsu, don kowa ya ɗanɗana yadda bin umurnin tsaransa ya ke.

Ƙungiyar da ba ta sikawut ba, ko ta manoma matasa ce, ko ta muhawara a makaranta, ko ta raya unguwa, ba lalle ta ɗauki waɗannan sunaye ba. Amma akwai ayyuka huɗu da kowace ƙungiya ke bukatar mai riƙe su. Shugaba shi ke buɗe taro ya rufe, ya ba kowa damar magana bi da bi, ya hana biyu magana lokaci guda, in magana ta nuna ya tattara ta ya ce a ɗaga hannu. Shugaban da ya fi kowa yawan magana a taro bai san aikinsa ba tukuna. Magatakarda shi ke riƙe da sunayen 'yan ƙungiya da littafin taro da wasiƙu. Ma'aji shi ke karɓar kuɗi ya rubuta. Mai ajiyar kaya kuwa shi ke sanin yawan shebur da baro da ƙwallo da tabarmi, da wanda ya ara, da ran da zai mayar. Wannan na huɗu a kan raina shi, alhali kuwa ƙungiyoyi da yawa a kan kaya suka watse. Ƙwallo biyu suka ɓace, aka zargi wane, danginsa suka yi fushi, shi ke nan.

Akwai wata cuta da ta kama ƙungiyoyin samari a zamanin nan, ita ce yawan muƙamai. Sai ka ga ƙungiya mai mutum ashirin da biyar tana da masu muƙami goma sha takwas, har da mataimakin mai ba da shawara na biyu. Dalili kuwa, kada a ɓata wa kowa rai. To, muƙamin da ba a iya faɗin aikinsa cikin magana ɗaya ba, ado ne, yaro kuwa in ya saba da rawani ba aiki, ya koyi mugun darasi. In Hakimi ya karɓi takardar sunayen shugabannin wata ƙungiya, ya isa ya tambayi kowannensu, "Kai me ka yi a watan jiya?" Amsar za ta nuna masa muƙaman gaske da na ado.

Inda malamin Hakimi ya shigo

Malam, kai ne mutumin da ya fi kowa a gunduma sanin darajar takarda. Ka ga rigimar gona da ta mutu domin an sami rubutun shekara talatin, ka ga wadda ta ƙi mutuwa domin ba a rubuta ba. Magatakardan ƙungiya da ma'ajinta almajiranka ne ko ba su sani ba. Sa'a guda da za ka ba su a zaure bayan La'asar ta fi musu gudummawar kuɗi amfani.

Ka fara da littafin taro. A sami littafi ɗinkakke, a sa wa shafofinsa lamba tun daga farko har ƙarshe, don kada a yage wani ba a sani ba. Kowane taro a rubuta rana da wuri, da sunayen waɗanda suka zo, da na waɗanda suka aiko da uzuri. Sa'an nan a rubuta abin da aka yanke. Yara su kan so su rubuta dukan abin da kowa ya faɗa, har da baƙar maganar da wane ya gaya wa wane, sai littafi ya zama ma'ajiyar gaba. Ka koya musu abu uku kawai a kowace magana: me aka yanke, wa zai yi, yaushe zai gama. A taro na gaba magatakarda ya karanta da ƙarfi, in jama'a sun yarda haka aka yi, shugaba ya sa hannu da kwanan wata. Daga nan sai a bi sunayen waɗanda aka ba aiki ɗaya ɗaya a ji inda suka kwana. Ƙungiyar da ke yin wannan kaɗai, ko ba ta yi wani abu ba, ta fi rabin takwarorinta.

Littafin kuɗi shi ma ba wuya. Shafin hagu na abin da ya shigo, na dama na abin da ya fita, kowane layi da kwanan wata da sunan mutum da dalili. A misali, a ce ƙungiya tana da mutum 30, kowa yana ba da naira 200 a wata. In kowa ya biya, naira 6,000 ke nan. A ce mutum 26 suka biya, watau 5,200, wani attajiri kuma ya ba da 10,000, jimla 15,200. Aka sayi shebur da tsintsiya na 9,500, aka ba mai baro 1,500, jimla 11,000. Saura 4,200. A ƙarshen wata ma'aji ya kawo littafi da rasiɗai da kuɗin, a ƙirga a gaban jama'a, a ga 4,200 ɗin nan da ido, a kuma karanta sunayen mutum huɗun da ba su biya ba. In mai kaya ba shi da rasiɗi, kamar yadda ya ke a kasuwannin ƙauye, sai mutum biyu su je sayayya, su rubuta a takarda su sa hannu. Kada wanda ke ajiye kuɗi ya zama shi ke ba da iznin kashe su. In kuɗi sun yi yawa a buɗe asusu a banki da sunan ƙungiya, da sa hannun mutum biyu ko uku, in yaran ba su kai shekara 18 ba a haɗa da malaminsu. Kada a yarda a riƙa tura kuɗin ƙungiya cikin asusun wayar wani mutum guda, gama a nan kuɗinsa da na jama'a su kan gauraye har shi kansa ya kasa rabewa.

Wani zai ce wannan duk rashin yarda ne, yara kuwa 'yan'uwan juna ne. A'a, ƙirga kuɗi a fili kariya ce ga ma'aji kafin kowa. Yaro mai gaskiya da aka zarga, in ba shi da littafi, ba shi da abin da zai wanke kansa sai rantsuwa, rantsuwa kuwa ba ta rufe bakin 'yan gulma.

Gargaɗi guda gare ka, Malam. Za ka ga rubutun yaron ya karkace, lissafinsa da gyare-gyare, hannunka zai yi ƙaiƙayi ka karɓi littafin ka rubuta masa. Kada ka karɓa. Nuna masa inda ya ɓata, ka bar shi ya gyara da alƙalaminsa.

Abin da ya rataya a wuyan Hakimi

Mu koma ga roƙon nan na uku. In samari sun ce a zaɓa musu shugaba, abin da ya fi shi ne Hakimi ya gode musu, ya mayar musu da zaɓen, ya ce su je su yi a gaban malaminsu ko wakilin da zai aika ya zama shaida kawai. In sun zaɓa su kawo masa ya sa albarka. Dalili kuwa a fili ya ke. Shugaban da Hakimi ya naɗa, Hakimi zai riƙa duba, wanda 'yan'uwansa suka zaɓa kuwa su zai riƙa duba, ya san in ya yi sakaci za su sauke shi. Har wa yau, in wanda Hakimi ya naɗa ya yi laifi, ba yaron da zai iya buɗe baki, gama sukarsa ta zama sukar zaɓin Hakimi.

Maganar ta fi tsanani in akwai ɗan Hakimi ko jikansa a ƙungiyar. Yara da kansu su kan tura shi gaba saboda kunya, ko don suna tsammanin ta hannunsa gudummawa za ta fito. In ya cancanta, ba laifi, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Amma alheri mafi girma da uba zai yi wa ɗan sarauta shi ne ya bar shi ya yi shekara yana bin umurnin ɗan maƙeri ko ɗan mahauci, ya ɗebo ruwa in an ce ya ɗebo, ya riƙe littafin kaya kafin ya riƙe tuta. Wanda a ke sa ran wata rana zai zauna a kan buzu, gara ya san yadda umurni ke sauka a kunnen wanda a ke ba. Nauyi kuwa ba ya jiran mutum ya tsufa. Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya fita Kwalejin Katsina a 1931, ya koyar a Midil ta Sakkwato, a 1934 aka naɗa shi Hakimin Rabah, shekarunsa ba su fi 25 ba. Shehu Shagari kuwa yana malamin makaranta a shekarun 1940 ya shiga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar samari a Sakkwato, tun ba wanda ya san zai shugabanci ƙasa a 1979.

Na biyu, a tsare ƙungiya daga zama kayan aikin wani. Tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976, da aka rushe En'e, ikon Hakimi ya koma ga girmansa da jin maganarsa, kuma uba ne ga kowa a gunduma ko wace jam'iyya mutum ya ke bi. In lokacin zaɓe ya ƙarato, masu neman kujera su kan tuna da ƙungiyoyin samari, su kawo riguna da ƙwallo da kuɗi. In kyauta ce a fili, a rubuta ta a littafi, ba kome. In da sharaɗi a bayanta, ranar da ƙungiya ta karɓa ta rabu biyu. Maƙwabtanmu na Nijar sun ga wani fannin wannan. Bayan Seyni Kountché ya karɓi mulki a 1974, gwamnatinsa ta farfaɗo da Samariya, ta shimfiɗa ta a ƙasa duka, samari suka gina azuzuwa, suka dasa itatuwa, suka share garuruwa, aikin da ba mai musunsa. Amma da ya ke an ɗaure ta a jikin gwamnati, sa'ad da mulkin ya sauya bayan babban taron ƙasa na 1991, sai ta yi sanyi tare da shi. Itacen da ya jingina da bango, in bango ya faɗi ba ya tsayawa.

Na uku shi ne abin da za a yi ran da yaro ya kasa, gama lalle wata rana zai kasa. A ce an ƙirga kuɗi an ga babu naira 3,000. Hanya mafi sauƙi ita ce Hakimi ya sa hannu a aljihu ya cike, a rufe magana. Wata hanyar kuma ita ce a kira 'yan sanda. Duka biyu suna kashe darasin. Abin da ya kamata, majalisar ƙungiya ta zauna a asirce ta ji bakin ma'aji. Sau da yawa za a tarar mantuwa ce, ko ya ranta wa aboki da nufin a mayar kafin ƙarshen wata. Su yanke yadda zai biya, ko da kaɗan kaɗan, su ba wani riƙon littafin, a gaya wa mahaifinsa cikin mutunci. In ya biya, a rubuta cewa ya biya, kada a sake tayar da maganar. Hakimi ya shigo ne kawai in abin ya fi ƙarfinsu, ko in ya ga za a zalunci yaro don ba shi da gata. Amma in laifin ya shafi cutar da wani yaro a jikinsa ko mutuncinsa, ko babba ne ya ci amanar yara, wannan ya wuce majalisar samari, na hukuma ne tun daga ranar farko. Haka kuma ba a ba wa shugaban yara ikon duka, ko a makaranta ko a unguwa.

Saura maganar sauka. Kowane muƙami a sa masa wa'adi, shekara guda ta isa, a rubuta a dokokin ƙungiya tun ran da aka kafa ta, tun ba a san wanda abin zai shafa ba. A sa iyakar shekaru kuma, don kada mai 'ya'ya huɗu ya zauna yana shugabancin samari, ƙannensa suna tsufa a bayansa. Ranar miƙa aiki, ya kyautu a yi ta a ƙofar Hakimi in hali ya yi. Tsohon magatakarda ya miƙa littafin taro da wasiƙu, tsohon ma'aji ya miƙa littafin kuɗi da abin da ya rage, mai ajiyar kaya ya karanta lissafin kayansa a ƙirga, sababbi su sa hannu cewa sun karɓa. Malamin Hakimi ya rubuta sunayen sababbin shugabanni da kwanan wata a littafin gunduma, ya ajiye kwafin dokokin ƙungiyar a fayil guda tare da na sauran ƙungiyoyi, domin in gardama ta tashi bayan shekara biyu a san inda za a duba.